Darasin Kimiyya: Yadda A Ke Lissafa Ƙarin Zafin Iska a Bututun Hita

Kowa ya zauna Maiduguri ya san garin yana da fuska biyu. A watan Afrilu, da azahar, ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40, har mutum ya rasa inda zai sa kansa. A Disamba da Janairu kuwa, da asuba ya kan sauko wajen digiri 13 ko 14, sai ka ga kowa ya ƙudundune a bakin wuta. Wannan bambanci ya shafi mai sana'a ƙwarai. Mai kiwon 'yan tsaki yana bukatar iska mai ɗumi cikin daren hunturu, in ba haka ba gari ya waye ya tarar sun mutu. Mai busar da tattasai da tumatir shi ma yana so kayansa su bushe da sauri, ba tare da ƙura ta rufe su ko akuya ta taka su a bakin hanya ba.

Saboda haka waɗansu su kan nemi wata na'ura da a ke sa wa cikin bututun iska. Ga yadda ta ke. Akwai bututu na kwano, a bakinsa akwai fanka mai tura iska, a tsakiyarsa kuma an jera waɗansu wayoyi da ke yin zafi in lantarki ya ratsa su. Iska ta shigo da sanyi, ta bi ta kan wayoyin, ta fita da ɗumi. Irin wannan waya, nikel da kuromiyam a ke haɗawa a yi ta, kashi 80 na farko, kashi 20 na biyun, wani Ba'amurke mai suna Albert Marsh ne ya yi rajistar haɗin a 1906. Ita ce dai a cikin dutsen guga da hitar dafa ruwa da mu ke gani kullum. Mu ma a wannan darasi hita za mu riƙa kiranta.

To, ya kai malami mai koyo, ga tambayar da ɗalibi mai kaifin hankali zai yi maka: in an kunna hita mai kilowat 3, iskar da ke fitowa digiri nawa za ta kai? In ka ce masa kaza, ka yi kuskure, don hita ba ta da wani zafi nata na dindindin. Amsar tana rataye ga abu uku: ƙarfin hitar, da yawan iskar da ke ratsa ta, da zafin da iskar ta shigo da shi. Abin da mu ke so mu koya ke nan yau.

Rabon goro

Kafin a rubuta lamba ko ɗaya a allo, fara da abin da yara suka sani. A ce ana biki, an tsai da wani a ƙofar zaure yana rabon goro, an kuwa umurce shi ya rabar da goro 60 kowane minti, ba ragi ba ƙari. In mutum 30 suka wuce cikin minti, kowa zai sami biyu. In mutum 10 ne, kowa zai sami shida. In mutum biyu kaɗai suka wuce, kowa sai ya fita da goro 30. Mai rabo bai sake hannu ba, yawan masu wucewa ne ya sake.

Hita ita ce mai rabon goro. Zafin da ta ke bayarwa kowane sakan shi ne goron, iska kuma ita ce mutanen da ke wucewa. Iska ta yi yawa, kowane kilo nata ya sami zafi kaɗan. Iska ta ragu, kowane kilo ya kwashi zafi mai yawa. Yaron da ya gane wannan ya gane darasin duka, saura lissafi.

Ma'aunai huɗu da za a sani

Na farko, a raba tsakanin yawan zafi da tsananin zafi. Tsananin zafi shi ne abin da ma'aunin zafi ke nunawa, da digiri a ke faɗinsa. Yawan zafi kuwa da jul a ke auna shi. Cokalin ruwa mai tafasa ya fi bokitin ruwan ɗumi tsananin zafi, amma bokitin ya fi shi yawan zafi nesa. An samo sunan jul daga James Joule, mutumin Salford kusa da Manchester a Ingila, wanda tun wajen 1840 ya yi ta auna zafin da lantarki ke haifarwa cikin waya.

Na biyu, wat. Wat ɗaya shi ne jul ɗaya kowane sakan. Kilowat ɗaya wat 1,000 ne. Watau hita mai kilowat 3 tana zuba jul 3,000 cikin iska kowane sakan. Abin lura a nan, hitar lantarki ba ta da hayaƙi balle zafi ya bi shi ya tafi, duk abin da ta sha na lantarki zafi ya ke zama. In ban da ɗan abin da ke zurarewa ta jikin kwanon bututu, duka iska ce ke kwashewa.

Na uku, nauyin iska. Yara su kan yi dariya in an ce iska tana da nauyi, amma tana da shi. Ka sa su zana akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, zurfi mita ɗaya. Cikinsa shi a ke kira mita kubik ɗaya. Iskar da ta cika shi, in tana da zafin digiri 20 a bakin teku, nauyinta kilo 1.2 ne. Iska in ta yi zafi ta kan buɗe, nauyin mita kubik ya ragu, haka kuma in an hau tudu. Maiduguri ta ɗara teku tsawo da mita ɗari uku da 'yan kai. Don haka da sanyin hunturu a iya lissafi da 1.2, da zafin bazara kuwa 1.1 ya fi kusa da gaskiya.

Na huɗu, abin da iska ke bukata kafin ta ƙara digiri ɗaya. An auna an ga kilo ɗaya na iska yana bukatar jul 1,005 don ya ƙara digiri ɗaya. Don sauƙin lissafi za mu ce 1,000. Ruwa kuwa yana bukatar wajen 4,200, watau ya ninka iska fiye da sau huɗu.

Ƙa'idar

Yanzu a haɗa su. Zafin da hita ta bayar cikin sakan ɗaya, shi ne iskar da ta wuce cikin wannan sakan ta ɗauka. Saboda haka:

Ƙarin zafi = ƙarfin hita da wat ÷ (kilon iska a sakan × 1,000)

Kada ka bari yara su haddace wannan kamar karatun aku. Ka tambaye su, ina goro a nan? Ina masu wucewa? In sun nuna maka wat a sama, iska a ƙasa, to, sun kama hanya.

Misali daga Maiduguri

A ce wani ya ƙera akwatin busar da tattasai. Kayan miya irin su tattasai da tumatir, iska mai digiri 55 zuwa 60 ta fi dacewa da su. In ta gaza haka bushewa ta kan yi nawa, su yi fumfuna. In ta wuce da yawa kuma su kan yi baƙi, bayansu ya ƙandare alhali cikinsu da sauran ruwa, a kai kasuwa su ƙi daraja. Bututunsa yana da faɗin santimita 25, tsawon baki santimita 20. Fanka tana tura iska mita 2 kowane sakan. Hita mai kilowat 3 ce. Bari mu bi lissafin daki-daki.

Mataki na ɗaya, girman bakin bututu. A mai da santimita mita tukuna: 0.25 × 0.20 = 0.05 na murabba'in mita.

Mataki na biyu, yawan iska. Girman baki sau gudun iska: 0.05 × 2 = 0.1 na mita kubik a sakan.

Mataki na uku, nauyin iskar: 0.1 × 1.2 = 0.12 na kilo a sakan.

Mataki na huɗu, abin da wannan iska ke bukata don ta ƙara digiri ɗaya: 0.12 × 1,000 = wat 120.

Mataki na biyar: 3,000 ÷ 120 = digiri 25.

Lura da kyau, wannan 25 ƙari ne, ba shi ne zafin iskar da ke fita ba. A nan yara su ka fi faɗawa rami. Sai an haɗa shi da zafin da iska ta shigo da shi. Da asubar Janairu iska ta shigo da digiri 14, za ta fita da 39, bai isa busarwa ba. Da azahar ta ranar nan ta shigo da 32, za ta fita da 57, daidai abin da a ke so. A Afrilu kuwa ta shigo da 42, kuma ta yi sauƙin nauyi, 1.1 maimakon 1.2, sai ƙarin ya zama 3,000 ÷ 110, watau wajen 27. Ta fita da 69 ke nan, ya yi yawa. Hita ɗaya, fanka ɗaya, bututu ɗaya, amma amsa uku.

Juya lissafin

Mai sana'a ba digiri ya ke saye a kasuwa ba, hita ya ke saye. Tambayarsa ita ce, mai ƙarfin nawa zan saya? Sai a juya ƙa'idar. Yana so da asubar Janairu iska ta tashi daga 14 zuwa 58, ƙarin digiri 44 ke nan. Kowane digiri yana cin wat 120. Saboda haka 44 × 120 = wat 5,280. Hita mai kilowat 6 za ta ishe shi. Amma dabara ita ce ya nemi wadda aka raba kashi uku, kowane kashi kilowat 2 da makunninsa, don ya kunna uku da asubar hunturu, ya kunna ɗaya da bazara. In ya sami na'urar nan mai kashe wuta da kanta in zafi ya kai inda aka saita, ta kuma kunna in ya sauka, ya huta da tsaro.

Wannan lissafi ba wasa ba ne a gari irin Maiduguri, inda aka san darajar wuta. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka rushe turakun layin da ke kawo lantarki daga Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu, masu sana'a da yawa suka koma ga janareta. A Maris na 2023 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, don taimaka wa garin. Hita mai kilowat 3 in ta yi awa 10 a kunne ta sha yunit 30 na mita. Wanda ya sayi mai kilowat 6 ba tare da lissafi ba, ya haɗa ta da ƙaramin janareta, ya yi hasara biyu.

Ƙurar hunturu

Yanzu mun zo wurin da haɗari ya ke. A bakin bututu a kan sa raga ko matata don kada ƙura ta shiga. To, kowa ya san ƙurar hunturu a ƙasar Barno, a share ɗaki da safe, kafin la'asar ya koma kamar ba a taɓa ba. Cikin 'yan kwanaki sai matata ta toshe, iska ta ragu. Fanka tana nan tana ƙara, hita tana nan a kunne, mai kaya bai ga wani abu ya sake ba.

Bari mu lissafa. Iska ta ragu da rabi, 0.06 na kilo maimakon 0.12. Ƙarin zafi ya zama 3,000 ÷ 60 = digiri 50, ya ninka. In ta ragu zuwa rubu'i, ƙarin ya kai 100. A ce da azahar ne ta shigo da 32, ta fita da 132 ke nan, ta wuce zafin tafasar ruwa, ga busasshen tattasai da katako a gabanta. In kuwa fanka ta tsaya ɗungum, ba mai wucewa ya karɓi goro, sai zafi ya yi ta taruwa a jikin waya har ta yi ja wur, ko ta tsinke ko ta kunna gobara.

Don haka masu ƙera waɗannan na'urori su kan rubuta mafi ƙarancin gudun iskar da a ka yarda da shi, da yawa cikinsu su kan ce mita ɗaya da rabi a sakan. A misalinmu, da matata ta toshe gudun ya sauko daga 2 zuwa 1, ya faɗi ƙasa da iyaka. Mai haɗa wuta na ƙwarai ya kan yi abu uku. Ya haɗa hita da fanka yadda hita ba za ta kama ba sai fanka tana aiki. Ya sa makunnin tsaro mai yanke wuta in zafi ya wuce ƙima. Ya kuma koya wa mai kaya ya kashe hita tukuna, ya bar fanka ta ɗan ƙara minti biyu ko uku don ta kwashe zafin da ya rage a waya. Wankin matata kuwa aikin mai kaya ne, rigakafi ya fi magani.

In wuta ta zo da rauni

Akwai kuma abin da ke rage zafi. Lambar da aka rubuta a jikin hita, kilowat 3, gaskiya ce kawai in wuta ta zo cikakkiya, watau bolt 230 da a ke aiki da shi a gidajen Nijeriya. In ta yi rauni, ƙarfin hita ba ya sauka daidai da raunin, ya kan sauka ninki. A raba abin da ya zo da abin da ya kamata ya zo, sa'an nan a ninka amsar da kanta. A ce bolt 200 ya zo: 200 ÷ 230 = 0.87, kuma 0.87 × 0.87 = 0.76. Hitar ta koma wat 2,270 ko kusa da haka, ƙarin zafi ya sauko daga 25 zuwa 19. Mai kaya sai ya yi ta zargin wanda ya sayar masa, alhali hita lafiyarta lau.

Kayan da suka zo daga waje

Sau da yawa fanka ta kan zo an rubuta yawan iskarta da mita kubik a awa, ba a sakan ba. Ga gajeriyar hanya: kilowat sau 3,000, a raba da mita kubik a awa. Iskarmu 0.1 a sakan, watau 360 a awa. To, 3 × 3,000 ÷ 360 = 25, amsa ɗaya da ta farko.

Kayan Amurka kuma da ƙafa su ke awo. Za ka ga haruffa uku, CFM, ma'anarsu ƙafa kubik a minti, zafi kuma da ma'aunin Faranhait. Ƙa'idarsu ita ce kilowat sau 3,160, a raba da CFM. Iskarmu ta yi CFM 212, saboda haka 3 × 3,160 ÷ 212 ya ba da kusan 45. Don a mai da shi ma'auninmu na Salshiyas sai a ninka da 5 a raba da 9, ya ba da 25. Kada a ɗebe 32 a nan, gama ƙari mu ke juyawa, ba abin da ma'auni ya nuna ba. A kuma tuna lantarkin Amurka yana kaɗawa sau 60 a sakan, namu sau 50. Irin fankar da gudunta ke bin wannan kaɗawa, in an kawo ta nan za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, iska ta ragu, zafi ya ƙaru.

Iyakar wannan lissafi

Ƙa'idarmu ta tsaya daga bakin hita zuwa bayanta. Da zarar iska ta shiga cikin ɗanyen tattasai, zafinta zai sauka, don ruwa ba ya zama tururi sai ya ci zafi. Dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. Kilo ɗaya na ruwa yana cin wajen jul miliyan biyu da dubu ɗari huɗu kafin ya bushe. Hitarmu tana ba da jul miliyan 10.8 a awa, watau ƙoƙarinta ita kaɗai bai wuce ta busar da ruwa kilo huɗu da rabi a awa ba. Wanda ya gane wannan ba zai cika akwati maƙil ya yi tsammanin ya kwashe kafin magariba ba.

Gwaji a aji

Ba kowace makaranta ke da irin wannan bututu ba, amma na'urar busar da gashi ta hannu, wadda a ke gani a shagon gyaran gashi, ita ma ƙaramar hitar bututu ce, da fankarta da wayarta. Aro ɗaya. Karanta wat ɗin da aka rubuta a jikinta. Auna zafin iskar ɗaki, sa'an nan ka kunna ta ka auna zafin iskar da ke fitowa, kamar taƙi ɗaya daga bakinta. Yi aiki da ma'aunin ɗakin gwaji mai kai wa digiri 110, ban da na asibiti, don shi bai wuce 42 ko 43 ba, zai fashe. A ce mai wat 1,000 ce, ɗaki 30, bakinta 70. Ƙari 40 ke nan. Sai yara su juya ƙa'ida su nemo iska: 1,000 ÷ (40 × 1,000) = 0.025 na kilo a sakan. Ka ja ma'aunin baya kaɗan-kaɗan su ga yana sauka, ka tambaye su dalili, har su gano da kansu cewa iskar ɗaki ce ke garwayuwa da ita, masu karɓar goro sun ƙaru. Kada ka bar yaro ya toshe bayanta da hannu, kada kuma a yi gwajin kusa da ruwa.

Aikin gida

1. Bututu mai baki santimita 20 da 20, iska tana gudun mita 2.5 a sakan, hita kilowat 2. Nawa ne ƙarin zafi?

2. Mai kiwon 'yan tsaki yana da fanka mai tura mita kubik 900 a awa. Yana so iska ta tashi daga digiri 15 zuwa 33. Hita mai ƙarfin nawa zai nema?

3. Hita kilowat 4.5, a jikin fanka an rubuta 0.15 na mita kubik a sakan. An auna, iska tana shiga da 20 tana fita da 65. Me ya kamata ƙarin ya zama, kuma me ka ke zato ya faru?

4. Hitar misalinmu mai kilowat 3, iska 0.12 na kilo a sakan, wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 184. Nawa ne ƙarin zafi?

Amsoshi, don malami: na ɗaya, wajen digiri 17. Na biyu, wat 5,400. Na uku, ya kamata ya zama 25 amma ya zama 45, watau iska ta ragu kusan da rabi, a duba matata da fanka nan da nan. Na huɗu, ƙarfi ya koma wat 1,920, ƙari digiri 16.

In ka zo gyaran aikin, kada ka tsaya ga amsar ƙarshe kaɗai. Duba ko yaro ya mai da santimita mita, ko ya mai da awa sakan, ko kuma ya tuna ya haɗa ƙari da zafin shigowa. Wanda ya ci tambaya ta uku kuwa, ka sa shi ya tashi ya bayyana wa 'yan'uwansa yadda ya gane matata ce ta toshe tun bai buɗe bututun ba.